Mudun da ke canza girma cikin dare

Watanni uku da suka wuce na sayi cajar waya a bakin titi. Da na tsaya juya ta a hannu ina shakka, sai mai sayarwar ya nuna mini wasu haruffa biyu a bayanta ya ce, "Alhaji, ba ka ga tambarin Turai ba? Ai wannan orijina ce." Na biya na tafi. Makon jiya cikin dare ƙauri ya tashe ni, na tarar robar ta narke ta manne da soket, bangon wurin ya yi baƙi ƙirin. Da gari ya waye na ɓamɓaro ta da wuƙa. Komai na jikinta ya ƙone, amma haruffan nan biyu, CE, suna nan daram kamar ba abin da ya faru.

Wataƙila tambarin na jabu ne, domin buga haruffa biyu a jikin roba ba ya bukatar ilimi. To amma ko na gaske ne, yawancinmu ba mu san abin da yake nufi ba. Mun ɗauka wata hukuma ce a Turai ta karɓi kayan ta gwada ta buga hatimi. A mafi yawan kayayyaki ba haka abin yake ba: kamfanin da ya ƙera kayan shi ne yake rubuta takarda ya ce na bi ƙa'ida, ya sa hannu, ya buga tambarin da kansa. Sai a kayan da haɗarinsu ya yi yawa, irin na'urorin asibiti masu shiga jiki ko na'urar hawa bene, ake tilasta wa kamfani ya kai wa wata cibiyar bincike mai zaman kanta ta duba. Tsarin ya samo asali ne tun 1985, lokacin da ƙasashen Turai suka gaji da rubuta doka a kan kowane ƙusa da kowace waya. Suka ce doka ta tsaya a kan manufa kawai, wato kada abu ya ƙone, kada ya ja mutum, kada yaro ya haɗiye shi ya shaƙe. Bayanin yadda za a cim ma hakan, kaurin waya nawa, zafi digiri nawa, sai aka bar wa kwamitocin injiniyoyi su rubuta a matsayin ma'aunai. Kamfanin da ya bi ma'aunin, doka na ɗaukarsa a matsayin wanda ya cika sharaɗi har sai an tabbatar da akasin haka.

Abin da ya sa na kawo wannan dogon bayani shi ne, a kan wannan tsarin ne Tarayyar Turai ta ɗora dokarta ta ƙirƙirarriyar basira, wadda aka fi sani da AI. An gabatar da daftarinta a Afrilun 2021, Majalisar Turai ta amince da ita a Maris 2024, ta fara aiki ranar 1 ga Agustan 2024. Ta haramta wasu abubuwa kai tsaye, kamar bai wa 'yan ƙasa maki bisa halayensu don a hukunta su a wani fagen da ba shi da alaƙa, kuma tarar karya wannan haramci tana iya kaiwa yuro miliyan 35 ko kashi 7 cikin ɗari na cinikin kamfani a shekara. Amma zuciyar dokar tana kan rukunin da ta kira masu babban haɗari. Su kuma iri biyu ne: basirar da aka dasa a cikin kayan da tuni suke da dokar tsaro, kamar injinan masana'anta, kayan wasan yara da na'urorin asibiti, da kuma basirar da ke yanke hukunci a kan mutane, wa za a ɗauka aiki, wa za a bai wa bashi, wane ɗalibi ne zai samu gurbi, wane baƙo ne za a bari ya tsallaka iyaka. Duka biyun, a ƙarshe, tambarin CE ake so su ɗauka, irin wanda ke bayan cajata.

Ra'ayina a kan rukuni na farko shi ne Turawan sun yi daidai, kuma masu cewa a yi wa AI wata sabuwar hukuma da sabon tsari daban ba su taɓa bin takarda daga ofis zuwa ofis ba. A ce injin yankan katako ne mai kyamara da ke tsayar da zarto idan ta hango hannun mutum. Idan manhajar ta kasa gane hannu, yatsa ne zai tafi, kamar dai yadda zai tafi idan birkin injin ya lalace. Kafintan da ya rasa yatsa bai damu da ko ƙarfe ne ya ci amanarsa ko lissafi ba. Saboda haka hankali ya ba da cewa mai duba injin shi ne zai duba manhajar, a bincike guda, a fayil guda. Idan aka raba, sai ka samu hukuma ɗaya ta ce ƙarfen lafiya lau, ɗaya ta ce manhajar lafiya lau, alhali matsalar tana daidai inda suka haɗu, inda babu mai dubawa. Sabuwar dokar injina ta Turai ta 2023, wadda za ta fara aiki a Janairun 2027, ta ma sa sassan tsaro masu koyo da kansu cikin jerin abubuwan da dole wani na waje ya duba. Sannan a 2024 sun sabunta dokar biyan diyya kan kaya masu aibu, wadda ta tsufa tun 1985, suka bayyana cewa manhaja ma kaya ce, wanda ta cutar yana iya neman hakkinsa. Wannan duk gyara ne mai kyau, ba ni da ja.

Inda nake da ja shi ne abin da tambari yake iya yin alkawari a kansa.

Duk wanda ya taɓa awo a kasuwar hatsi ya san darajar mudu. Ya kuma san dabarun da ake yi masa: a bubbuge gindinsa ya shige ciki, ko a yanke bakinsa kaɗan. Shi ya sa shugabannin kasuwa kan zagaya su duba. Amfanin wannan zagaye ya dogara ne a kan abu guda, cewa mudun da aka duba yau shi ne dai mudun gobe, sai in wani ya sa hannu ya taɓa shi, kuma taɓawar tana barin alama. Yanzu a ƙaddara akwai mudun da maƙerinsa yana zaune a wata ƙasa, yana iya rage shi ko ƙara shi cikin dare ta intanet, ba tare da ko kwarzane a jiki ba. Wannan ita ce manhaja. Tulun gas da aka gwada a masana'anta shi ne wanda zai iso kicin. Na'urar da ke karɓar sabuntawa duk wata kuwa, sunanta ne kawai bai canza ba.

Ba ma sai an kai ga basira mai koyo ba, tsohuwar manhaja ta riga ta nuna abin da za ta iya. A Satumban 2015 hukumar kare muhalli ta Amurka ta tona cewa Volkswagen ya sa wa motocinsa na dizal manhajar da ke gane lokacin da ake gwada su. Idan motar ta lura tayoyi na juyawa amma sitiyari ba ya motsi, kamar yadda ake yi a ɗakin gwaji, sai ta natsu ta rage hayaƙi. Da ta hau titi sai ta saki, har ninki arba'in na abin da doka ta yarda a wasu lokutan. Motoci kusan miliyan 11 ne a duniya. Duk sun ci jarrabawa, duk suna da takardu. Waɗanda suka gano abin masu bincike ne daga wata jami'a a jihar West Virginia, da suka ɗaura na'urar awo a bayan mota suka bi hanya da ita kamar kowane direba. Darasin da na ɗauka a nan bai tsaya kan cewa kamfani ya yi ha'inci ba, ha'inci ai tsohon abu ne. Gwajin da aka san tambayoyinsa tun kafin a shiga, na'ura mai wayo za ta haddace amsarsa. Kuma aikin ma'auni kenan, ya bayyana tambayoyin a fili domin kowa ya san abin da za a auna.

A yi wa dokar AI ta Turai adalci, marubutanta sun hango wannan. Sun ce idan aka yi wa na'ura babban sauyi dole a sake tantance ta, sai dai in sauyin yana cikin waɗanda kamfani ya bayyana tun farko. Sun wajabta ajiye tarihin abin da na'urar ta yi, da bibiyarta bayan an sayar, da kai rahoton duk wani mummunan lamari cikin kwana 15, ko kwana 10 idan an rasa rai. A ganina waɗannan sassan da ba a cika magana a kansu ba sun fi tambarin kansa muhimmanci nesa ba kusa ba. Matsalar ita ce su ne masu cin kuɗi da ma'aikata. Buga tambari aikin rana ɗaya ne, bibiya kuwa aikin shekaru ne, kuma hukumomin sa ido a kasuwannin Turai ko da kayan wasan yara da cajojin da ake turowa ta intanet ba su gama da su ba.

Rukuni na biyu ne ya fi damuna, wato basirar da ke yanke wa mutane hukunci. A nan ina ganin an sa wa abu rigar da ba tasa ba. A ƙasar Holan, hukumar haraji ta yi shekaru tana amfani da wani tsarin lissafi don zaƙulo iyayen da ake zargi da damfarar tallafin renon yara. Cikin abubuwan da ke ɗaga makin zargi har da kasancewar mutum ɗan asalin wata ƙasa. Dubban iyalai, da yawansu 'yan asalin wasu ƙasashe da 'ya'yansu, aka tilasta musu mayar da kuɗin da ba su ci ba, wasu suka rasa gidaje, aure ya mutu, har gwamnatin Mark Rutte ta yi murabus a Janairun 2021. Babu abin da ya ƙone a wannan lamari, babu wanda lantarki ya ja. Na'urar ta yi aikin da aka tsara mata sarai. Da wane awo injiniya zai auna irin wannan ɓarna? Zafin waya yana da digiri. Amma tambayar ko ya halatta na'ura ta yi kuskure a kan mutum biyu cikin ɗari idan dukkan biyun daga unguwa ɗaya suke fitowa, wannan tambaya ce ta alƙali da ɗan majalisa, mutanen da ake iya ɗaukaka ƙara a kansu ko a kayar da su a zaɓe.

To dokar ta ce bayanan da aka horar da na'ura da su su kasance masu wakiltar jama'a, haɗarin da ya rage ya zama wanda za a iya lamunta, mutum ya kasance yana sa ido. Kalmomi masu daɗi. Amma wa zai fassara "wanda za a iya lamunta"? An miƙa aikin ga ƙungiyoyin ma'aunai biyu na Turai, CEN da CENELEC, ta hannun wani kwamitin haɗin gwiwa da ake kira JTC 21. Zama a irin wannan kwamiti sai mai hali: taro ne na shekaru, takardu ɗaruruwa, tafiye-tafiye. Babban kamfani yana iya ware ma'aikata ya ce wannan ne kaɗai aikinku. Ƙungiyar kare masu sayayya ko ta ma'aikata da ƙyar za ta tura mutum ɗaya. Wata ƙungiya mai bin diddigin kamun ƙafar kamfanoni, Corporate Europe Observatory, ta fitar da rahoto a farkon 2025 cewa fiye da rabin mambobin da ta iya ganowa daga kamfanoni da masu ba su shawara suke. Ban ce mugaye ba ne, yawancinsu ƙwararru ne masu son aikinsu. Sai dai ko kura ta tuba, ba ita ake bai wa ajiyar nama ba. Ga shi kuma a mafi yawan na'urorin wannan rukuni, na ɗaukar aiki da ba da bashi da makarantu, kamfanin ne zai tantance kansa. Shi ya taya rubuta ma'aunin, shi ya auna kansa da shi, shi ya buga tambarin.

Mun ga inda irin wannan amana take kaiwa. Hukumar jiragen sama ta Amurka ta bar wa ma'aikatan Boeing wani kaso na tantance jirgin 737 MAX, ciki har da manhajar da ke danna hancin jirgi ƙasa bisa bayanin na'urar awo guda ɗaya tak. Jirage biyu suka faɗi cikin wata biyar, a Indonesiya da Habasha, mutum 346 suka mutu. A na Habasha, ranar 10 ga Maris 2019, har da marubucin nan ɗan Najeriya, Farfesa Pius Adesanmi.

Wani abin mamaki, waɗannan ma'aunai da suke da ƙarfin doka an daɗe ana sayar da su, kuma da tsada. Sai da wasu ƙungiyoyi biyu, ɗaya daga Amurka ɗaya daga Ayalan, suka kai ƙara a kan wasu ma'aunan kayan wasan yara, kotun ƙoli ta Tarayyar Turai ta yanke hukunci a Maris 2024 cewa irin waɗannan ma'aunai ɓangare ne na doka, jama'a na da hakkin ganinsu. Kafin nan, uwar da ke son sanin ƙa'idar da aka bi wajen yin abin wasan ɗanta sai ta biya.

Sannan ga jinkiri. An ba kwamitin JTC 21 aikin rubuta ma'aunan a Mayun 2023 da wa'adin Afrilun 2025, wa'adin ya zo ya wuce ba a gama ba. Kamfanoni suka ce ta yaya za mu bi dokar da ba a ba mu mudunta ba, kuma a nan suna da gaskiya. A Nuwamban 2025 Hukumar Tarayyar Turai ta kawo shawarar ɗage fara aiki da sharuɗɗan masu babban haɗari zuwa Disamban 2027, na cikin kayayyaki kuma zuwa Agustan 2028. Wasu sun kira wannan gazawa. Ni jinkirin bai ba ni mamaki ba, ya ma ƙara mini yaƙini: injiniyoyi sun daɗe suna rubuta ma'aunin tukunyar tururi ba tare da rigima ba, amma da aka ce su rubuta ma'aunin adalci sai alƙalami ya tsaya. Abin da ya kamata shi ne a bar musu abin da ake aunawa, daidaiton sakamako, juriya ga kutse, yadda ake ajiye tarihi, yadda ake rubuta takardun bayani. Iyakar abin da al'umma za ta lamunta kuwa majalisa ta faɗe shi da bakinta, a fili, ta ɗauki nauyinsa.

Mai karatu zai iya cewa, to mu ina ruwanmu da rigimar Turawa? Ruwanmu shi ne kayan suna zuwa mana, da tambarinsu a jiki, amma kariyar ba ta biyo su. Dokar ta shafi abin da aka sayar ko aka yi amfani da shi a kasuwar Turai ne. Wajibcin kai rahoto cikin kwana 15, da hakkin neman diyya, da mai sa ido da zai janye kaya daga kasuwa, duk suna tsayawa a bakin teku. Haruffa biyun ne kawai ke sauka a Apapa.

Kuma ko tambarin na gaskiya ne, an gwada kayan a kan wasu mutane ne, a wani yanayi. Lokacin korona kusan kowane gida mai hali ya sayi 'yar na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa don auna iskar da ke cikin jini. Na tuna yadda muka riƙa zuba wa lambobinta ido a yatsan wata gwaggona, in ta nuna 95 mu yi hamdala mu koma barci. A Disamban 2020 wani bincike da aka yi a Jami'ar Michigan ya nuna cewa irin waɗannan na'urori sun fi kuskure a kan masu baƙar fata, kusan ninki uku, suna nuna iska ta wadata alhali ta yi ƙasa. Na'urorin sun cika ma'auni. Ma'aunin ne bai bukaci a gwada su a kan isassun masu irin fatarmu ba. Wannan fa haske ne kawai da ɗan lissafi. Ina ga na'urar da dukkan iliminta daga hotunan da aka nuna mata ya fito?

Ba kuma zancen gobe nake yi ba. Tun 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a yi amfani da manhajar AI wajen karanta hoton ƙirji don zaƙulo masu tarin fuka daga shekara 15 zuwa sama, kuma a wasu jihohin Najeriya motoci masu ɗauke da na'urar hoto suna shiga unguwanni da ƙauyuka da ita. Abu ne mai amfani ƙwarai a ƙasar da likitocin karanta hoto ba su da yawa, kada a ce na kushe. Manhajar tana ba kowane hoto maki, sai a sa iyaka: wanda ya haura, a karɓi majinarsa a gwada, wanda bai kai ba, a sallame shi. Hukumar da kanta ta ce kowane wuri ya daidaita wannan iyaka da jama'arsa, kuma masu bincike sun nuna cewa idan aka fito da sabon zubin manhajar, makin da hoto ɗaya ke samu yana iya canzawa. Iyakar da ta dace bara tana iya sallamar mai cuta bana, alhali na'urar ita ce dai, motar ita ce dai, tambarin ma yana nan.

Wa ke da alhakin lura da wannan a wurinmu? NAFDAC ce ke rajistar na'urorin asibiti. SON ce ke da ma'aunai da shirin SONCAP na tantance kayan da ake shigowa da su. NITDA na kula da fasahar zamani, ga kuma hukumar kare bayanan jama'a da dokar 2023 ta kafa. Tsorona shi ne mu kwaikwayi ɓangaren da ya fi sauƙi, mu kafa sabuwar hukumar AI mai katafaren ofis a Abuja, ta zama ƙofa ta biyar da ɗan kasuwa zai bi ya biya kuɗin takarda, alhali babu ko ɗaya cikin biyar ɗin da zai taka zuwa ƙauyen da motar take. Abin da ya dace mu ara daga Turai shi ne ƙofa guda: idan basirar tana cikin na'urar asibiti, NAFDAC ta riƙe ta dungurungum, a ba ta ma'aikatan da suka san manhaja. Abin da bai kamata mu ara ba shi ne yarda da tambari a matsayin ƙarshen magana. Duk mai shigo da irin wannan na'ura a tambaye shi a kan su wa aka gwada ta, a sa shi ya sanar da hukuma duk lokacin da aka sabunta manhajar, a kuma gwada ta a kan hotunan mutanenmu kafin a saki kuɗin kwangila. Asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Maiduguri suna da hotuna da likitocin da za su iya wannan aiki.

Akwai ma abin da ba ya bukatar doka ko kasafi. Kowace manhaja tana da lambar zubinta, galibi a wani lungu na allon da ƙananan haruffa. Ma'aikacin da ke cikin motar nan ya riƙa rubuta wannan lamba a rajista kusa da makin kowane mutum da ranar da aka ɗauki hotonsa, domin idan bayan wata shida aka ga waɗanda aka sallama suna dawowa da tari, a iya buɗe littafi a gano daga wane mako abin ya fara.